Takarda ta ce injiniya ne, famfon garinmu bai yarda ba

Ranar wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci, a garinmu da ke ƙasar Bunkure, na ji wani dattijo yana ba ƙaninsa shawarar da har yau take ci mini rai. Ƙanin ya zo ne da maganar ɗansa da ya gama sakandare, yana son ya karanci injiniya. Dattijon bai ma bari ya dire ba. Ya ce, "Kai dai ka kai shi wurin masu walda a Kura ka huta. Ni da na sayar da shanun huɗa na yi wa nawa, ba ga shi can bakin titi yana POS ba? Famfon masallaci ma ya gagare shi."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ɗan dattijon ta hannuna ya bi a sakandare, ni na koya masa lissafi, kuma ina tsaye a wurin ranar da famfon ya kunyata shi.

Gara in faɗi matsayina tun da wuri. Abin da dattijon ya gani gaskiya ne: digirin injiniya da ake miƙa wa yaranmu yau, a wurare da dama, ba ya ɗauke da nauyin abin da aka rubuta a jikinsa. Amma hukuncin da ya yanke kuskure ne, kuma mu mutanen karkara ne za mu fi kowa kwana a ciki idan muka bi shi. Rabin kaya aka auna masa a kuɗin cikakke. Wanda aka yi wa haka ya koma ya nemi cikon kayansa ne, ba ya rantse ya daina shiga kasuwa ba.

Abin da ya faru a gindin tanki

Rijiyar burtsatse ce mai aiki da sola, irin waɗanda suka cika gari tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, janareta ya fi ƙarfin aljihun jama'a. Ta yi aiki lafiya na wani lokaci, sai rana ɗaya ruwa ya ɗauke. 'Yan kwamiti suka ce ga injiniya a gida, kuma ma na lantarki, me za a je nema a birni?

Ya zo da ladabinsa, ya buɗe akwatin kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar sola kafin ta isa famfo, ya tsaya yana kallon wayoyi. Wani yaro mai gyaran waya a kasuwa ya miƙo masa mita. Ya karɓa yana jujjuyawa. Bai san inda zai murɗa ta ba, don wutar da ke sakkowa daga farantan sola ba a inda ake auna ta NEPA ake auna ta ba. Daga baya da muka keɓe ya ce mini, "Malam, wallahi sau ɗaya na ga an yi aiki da ita. Mun yi yawa a rukuninmu, mutum ɗaya ya riƙe, sauranmu muka kwafi lambobin daga littafinsa."

Aka ɗauko mai gyara daga Kura. Shi kam hannunsa ya faɗa. Kafin ka ce kwabo ya gano kwantirola ce ta ƙone, ya sa aka sayo wata, ya ɗaura, ruwa ya zubo, aka yi ta sa masa albarka. Ba a daɗe ba ita ma ta ƙone. Ya ce ai jabu ce, kayan yanzu sai a hankali.

Wanda ya warware matsalar wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin ruwa, tsani ma ba ya iya hawa. Ya sa aka karanto masa abin da ke rubuce a bayan faranti ɗaya, ya ƙirga farantan, ya sa tabarau ya duba jikin kwantirolar. Ashe wani mai neman lada ne ya ƙaro faranti don tanki ya riƙa saurin cika, aka jona su duka a jere ɗaya. Idan aka jera faranti haka, ƙarfin wutarsu haɗuwa yake yi, na wannan a kan na wancan, har ya zarce iyakar da aka rubuta wa kwantirolar. Ko sau goma aka canza ta, sau goma za ta ƙone. Tsohon ya sa aka raba su layi biyu, magana ta ƙare.

Ga abin da ya fi damuna. Tsohon na cikin bayani, yaron nan ya zaro biro ya yi lissafin a tafin hannunsa, ya ma riga tsohon kaiwa ga amsa. Ya san abin. Ya rubuta jarrabawa a kansa ya ci. Kawai dai babu wanda ya taɓa tsayar da shi a gaban faranti na gaske ya ce masa, lissafin nan da kake yi a takarda, ga shi nan a kan rufi.

Mutum uku ke nan a gindin tanki ɗaya. Wani na da hannu ba lissafi, wani na da lissafi ba hannu. Wanda ya haɗa biyun ya haura shekara 70, kuma ban ga inda ake renon magajinsa ba.

Irin wannan tsohon daga ina suka fito?

Duk shinkafar da muke taƙama da ita a Kura, Bunkure da Garun Malam, da tumatirin Kadawa da ake lodi a Kwanar Gafan, ruwan Tiga ne. An kammala madatsar a 1974, zamanin Audu Bako, aka jawo ruwanta ta magudanan da aka tsara za su shayar da hekta dubu 22 a kashin farko. Ruwan nan da kansa yake gangarowa, ba inji ba mai, saboda wasu sun zauna sun auna tudu da kwarin ƙasar nan taku bayan taku. Akwai hannun ƙwararru daga waje a zanen, ba a musu. Amma 'ya'yan ƙasa sun tsaya a gefensu sun koya, kuma WRECA, hukumar gine-ginen ruwa ta tsohuwar jihar Kano, ta ci gaba da ayyukan ruwa a faɗin jihar, har da yankin da ya zama Jigawa a 1991.

A wancan lokacin akwai matakai. Yaro zai shiga makarantar koyon sana'a, ya wuce kwalejin fasaha, ya tafi Kaduna Poli, mai rabo ya ƙarasa jami'a, kuma a kowane mataki hannunsa na cikin baƙin mai. Ko kana sa jar hula ko ba ka sawa, tarihin karatun Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso misali ne: makarantar sana'a ta Wudil, kwalejin fasaha ta Kano, Kaduna Poli, ga aikin WRECA tun 1975, shekaru masu yawa kafin siyasa ta ɗauke shi.

A 1977 aka buɗe sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu da ta Dawakin Tofa, aka riƙa tsamo yara masu kai daga ko'ina, ciki har da ƙauyuka. Da yawansu suka wuce Zariya da BUK suka zama likitoci da injiniyoyin da ake ji da su. Ɗalibin da lokacin koyon aikinsa ya zo kuwa, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa na nan suna hayaƙi. Akwai injin da zai tsaya a kansa, akwai kuma wanda zai daka masa tsawa idan ya ɗaure noti ba daidai ba.

Ba yabon zamanin da nake yi ido rufe ba. Waɗanda suka samu shiga 'yan kaɗan ne, ƙauyuka da yawa ba su da ko mutum ɗaya, mata kuwa ba a ma maganarsu. Amma wanda ya fito da takardar, takardar ba ta yi ƙarya a kansa ba.

Ina aka kuskure?

A 1962 jami'o'i 5 ne a duk Najeriya. Yau sun haura 250. A nan kusa da mu kawai, ga ta Wudil da aka buɗe a 2001, ta tarayya a Dutse a 2011, ta Kafin Hausa a 2013, ta fasaha a Ɓaɓura a 2021, ban da kwalejojin Kazaure, Haɗeja, Dutse da Kano. Ni ba na baƙin ciki da wannan. Ɗan talakan da a da ba zai iya kai kansa Zariya ba, yau yana iya karatu ya riƙa zuwa gida ɗaukar gari da ƙuli.

Sai dai buɗe jami'a daban, iya riƙe sashen injiniya daban. Ajin tarihi ko na Hausa, idan akwai malami nagari da littattafai da wurin zama, za a yi karatu. Injiniya kuwa karatu ne mai cin kuɗi. Sai da injin feƙe ƙarfe, da na'urar matse kankare a ga iya ƙarfinsa, da kayan awon ƙasa, da wuta mai tsayawa, da ma'aikatan da suka san kan injinan, da kuma kuɗin kayan da ɗalibi zai ɓata kafin ya iya. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi. Ba a iya walda sai an ƙona ƙarfe, kuma dole wani ya biya kuɗin ƙarfen.

Abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne gini. Duk jami'ar gwamnati da ka shiga za ka ga benaye masu ɗauke da sunan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma an gode, da babu su da abin ya fi haka muni. Amma bene ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Ba wanda ke kiran 'yan jarida don an sayi man dizal ko an canza wa inji belt. Tun da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi daɗewa a rana, zuwa naira 225 kowane awo a watan Afrilun 2024, jami'o'i suke kukan ba za su iya biya ba. Injin da ba wuta kuwa sai dai a zagaya da ɗalibai a nuna musu shi da yatsa.

Sai yajin aiki. Na 2020 ya kai kusan wata 9, na 2022 wata 8. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya tsakanin ASUU da gwamnati ba, wannan rubutu ne na wata rana. Abin da na sani shi ne idan aka dawo matse zangon karatu ake yi, kuma abin da ake fara yankewa shi ne gwaji. Lacca ana iya karanta ta a guje a raba handawut. Gwaji ba ya yiwuwa a guje.

Tsarin koyon aiki na SIWES, wanda ITF, hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, ta ƙirƙiro a 1973, shi ne ya kamata ya cike wannan giɓin. Ɗalibin injiniya na da wata 6 a shekararsa ta huɗu. To ina zai je? Masana'antu da yawa sun rufe, wasu sun koma rumbunan ajiye kayan waje. Sai ka ga yaro ya ƙare a wani ofis da shi kansa ba shi da aikin yi, ko a shagon kawunsa. Littafin da ya kamata ya riƙa rubuta aikin kowace rana, a ƙarƙashin bishiya ake cika shi cikin kwana biyu, a samu mai hatimi ya buga. Ɗalibi ya sani, mai hatimi ya sani, malamin da zai ba da maki ma ya sani.

Aikin kammala karatu kuwa har kasuwa gare shi. An ce wa ɗalibi ya ƙera injin ɓarar gyaɗa, sai ya tara kuɗi da abokan rukuninsa su nufi wurin maƙera a birni, a haɗa musu, a fesa fenti, su ɗora a a-daidaita-sahu su kawo. Wanda ya ƙera ba shi da takarda, masu takarda ba su ƙera ba.

Su kansu malaman, da yawansu daga aji suka koma gaban aji ba tare da sun taɓa kwana a wurin aiki ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Ba a ƙara wa malamin jami'a girma don ya tayar da injin casar shinkafar da ya mutu a Kura. Yawan maƙalun da ya wallafa ake ƙirgawa. Wanda ya haɗa ilimi da hannu kuma, albashin ba ya riƙe shi, kamfani ko wata ƙasa ta ɗauke. Kuma malaman da bakinsu suke ba da labarin yadda ake aron kayan aiki, wani lokaci har da aron malamai, idan masu tantance ingancin kwasa-kwasai za su zo, a mayar bayan sun tafi.

"Ai yaran yanzu ne ba sa karatu"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma ba sai an gaya mini ba, kullum ina aji. Akwai lalaci, akwai waya, akwai satar amsa da wani lokaci iyaye ne ma ke biyan kuɗinta. Akwai kuma namu laifin a sakandare: yaro ya yi shekara 3 a ajin kimiyya bai taɓa kayan gwaji ba sai ana gobe jarrabawar WAEC. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a ya taɓa sauka zuwa 120 cikin 400 a 2017, ya kuma zauna a 140 na wasu shekaru, ko da yake sassan injiniya kan sa nasu sama da haka.

Duk na yarda. Amma ɗalibi ba shi ke sa wa takardarsa hannu ba. Idan malalaci ya shiga ya fito da digiri, mai tsaron ƙofa za a tambaya. Kuma yaron da na ba da labarinsa ba malalaci ba ne, yana cikin waɗanda nake alfahari da su. Duk abin da aka ɗora masa ya ɗauka. Abin da ba a ba shi ba ne bai da shi.

A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har gwamnatin tarayya ta dakatar da amincewa da takardun Benin da Togo a farkon 2024. Kowa ya yi ta salati. Amma me ya sa irin wannan takardar take da masu saye? Saboda mai ɗaukar aiki, musamman gwamnati, takarda yake tambaya, ba ya cewa ga mita auna mu gani. Muddin haka ake ɗaukar aiki, ɗalibi ma takardar zai bi, ta Kwatano ko ta gida.

"To a bar digiri a kama sana'a"

Wannan ce maganar da ta fi tashe, a rediyo da Facebook da majalisun shayi. Ina girmama mai walda da bakanike da mai naɗin kwayil. Ba don su ba da noman rani ya tsaya a yankinmu cikin mako guda. Kuma ba kowane yaro ne ya kamata ya je jami'a ba. Amma akwai aikin da hannu kaɗai ba ya yi.

Ɗauki kwalbatin hanyar ƙauye, irin wanda damina ke cinyewa kusan duk shekara a sake ba da kwangilarsa. Birkila zai zuba shi ya yi kyau, ya shafe shi sumul. Abin da ba zai iya gaya maka ba shi ne faɗin bakin da ya kamata a bar wa ruwa, domin wannan ya danganta da girman ƙasar da ruwanta ke gangarowa wurin, da irin ƙasar, da mafi ƙarfin ruwan saman da ake sa ran gani cikin shekaru masu yawa. Sai kaurin rodi da tazarar da ke tsakaninsu gwargwadon nauyin motar da za ta bi ta kai. Sai haɗin kankare: idan an ce siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, wa zai tsaya ya hana ɗan kwangila ƙara yashi? Wa zai dage a yi ta ba shi ruwa, a kuma jira, tunda sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa? Idan ba wanda ya san dalilin waɗannan ƙa'idoji, kowa zai ɗauke su a matsayin ɓata lokaci da kuɗi, sai watan Agusta ya zo ya raba gardama.

Haka manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi famfon sola. Mai shago zai ba shi mafi girma da kuɗinsa zai iya saye, don a ganinsa babba ya fi. Idan famfon ya fi ƙarfin abin da rijiyar ke iya tarawa, zai zuƙe ruwan, ya fara jan yashi da iska, ya ƙone. Kafin a saya ya kamata a auna zurfin ruwan, da yadda yake sauka idan ana ja, da nisan inda za a kai shi. Wannan lissafi ne, kuma rashinsa na cin dukiyar manoma a fadamun Kano da Jigawa ba tare da wani ya rubuta asarar ba.

Balle manyan abubuwa. Yawan ruwan da za a saki daga Tiga da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, da lokacin da za a sake shi, shi ke shafar mutumin Ringim da Auyo da Haɗeja har Guri. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja shekara da shekaru. Mun ga ambaliyar 2022 a Jigawa, mun ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024. Babu garejin da ake koyon kula da irin waɗannan.

Kuma ina lura da wani abu: manyan da ke yi mana wa'azin a bar digiri, nasu 'ya'yan suna jami'a, wasu a Masar, wasu a Malesiya, wasu a Ingila. Idan ƙauye ya janye hannunsa daga karatun injiniya, nan da shekara 20 wanda zai yanke hukunci a kan ruwanmu da hanyarmu mutum ne da bai taɓa shiga fadama da damina ba.

"Injiniya ba bakanike ba ne"

Wani abokina malamin jami'a ne ya jefe ni da wannan. Ya ce, "Malam, kuna rikita abubuwa. Mu masu zane da tsari muke yayewa, ba masu ɗaure noti ba." Yana da hujja. COREN, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa a 1970, ma rukuni huɗu take yi wa rajista, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, kowa da aikinsa. Kuma a ƙa'ida, mai sabon digiri bai zama cikakken injiniya ba sai ya yi wasu shekaru yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru an yi masa rajista, duk da mu a gari tun yana aji biyu muke kiransa Injiniya.

Na ce masa ban nemi ɗalibinka ya fi mai gyara saurin hannu ba. Amma wanda bai iya awo ba, me zai zana? Wanda bai san kamannin kankare mai kyau ba, ta yaya zai duba aikin birkila? Ranar farko za su gane shi, daga nan sai abin da suka ga dama. Likita ma ba nas ba ne, amma ba a yaye shi sai ya yi shekaru yana zagaya gadajen marasa lafiya, kuma hukumar likitoci tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon kayan aikinta da asibitinta. An yi haka ne don kuskuren likita na kashe mutum. Gadar da ta karye da motar 'yan kasuwa a kai fa?

Sannan matakan ƙasa da ya kamata su tallafi injiniyan, mu muka rushe su. Mai HND, babbar difloma ta kwalejin fasaha, da ya fi daɗewa a ɗakin aiki ana ajiye shi ƙasa da mai digiri a aikin gwamnati. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. To wane uba ne zai tura ɗansa kwalejin fasaha da son ransa? Kowa ya ruga jami'a, ajin da aka gina don mutum 40 ya ɗauki ninkin haka, mita ɗaya ta koma ta rukuni guda.

"Kana so a rufe wa ɗan talaka ƙofa"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba na raina ta. Arewa na baya a yawan masu karatu. Idan aka ce kowane sashe ya ɗauki daidai yawan da kayan aikinsa za su iya, gurabe za su ragu, kuma mun san wa ake fara turewa idan wuri ya yi ƙunci.

Amma a duba wa digirin da ba komai a cikinsa ya fi cuta. Ɗan mai hali idan ya fito da shi, akwai wanda zai ɗaga waya a sama masa aiki, ko a tura shi waje ya ƙaro karatu ya cike giɓin. Ɗan manomi ba shi da kowa sai abin da ya iya. Shekara 5 ta tafi, ko 7 idan an haɗa da yajin aiki, shanu sun tafi, yanzu kuma tun 2024 ga bashin karatu na NELFUND da zai biya. A ba shi takardar da ba za ta iya tsaya masa ba, wannan ba taimako ba ne. Ita kanta gwamnatin tarayya a watan Agustan 2025 ta dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara 7, wanda ke nuna ta fara ganin yawan ya wuce ƙarfinta.

Kuma rage gurabe ba shi kaɗai ne mafita ba. Masana'antun Sharaɗa sun ragu, amma wurin koyon aiki bai ƙare a ƙasar nan ba, mu ne ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ga magudanan Kadawa da ƙofofin ruwansu. Ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo. Ga injinan casar shinkafa manya da ƙanana daga Kura har Haɗeja. Ga famfunan sola birjik a fadamu. Babu ƙaramar hukumar da ba ta da matattun rijiyoyin burtsatse. Me zai hana a ba kowane rukunin ɗaliban shekarar ƙarshe rijiya ɗaya, su gano abin da ya kashe ta, su rubuta lissafinsu, su tayar da ita, a dawo bayan wata 3 a ga ko ruwa na zuba kafin a ba da maki? Mai unguwa ba zai buga hatimin ƙarya a kan ruwan da matan garinsa ba su gani ba.

Me zai hana a ɗauki ƙwararrun masu walda da naɗin kwayil a matsayin masu koyarwa na wucin gadi, a biya su, ɗalibi ya yi wata guda a ƙarƙashinsu ba tare da jin an ƙasƙanta shi ba? Su ma za su ƙaru da lissafinsa. Makarantun da ke kusa da juna kuma, maimakon kowace ta yi ɗakin aiki na jeka-na-yi-ka, a haɗa ƙarfi a yi guda mai kyau da wutar sola tsayayya, a riƙa karɓa-karɓa. Duk kwangilar hanya ko ta ruwa da jiha za ta bayar, a sa sharaɗin ɗaukar ɗalibai a ciki.

Iyaye ma da nasu. Kafin a biya kuɗin rajista, a je makarantar, a nemi ɗan aji huɗu a tambaye shi yaushe rabonsa da kunna inji da hannunsa. Amsarsa ta fi duk abin da ke cikin takardar talla.

Akwai kuma abu ɗaya da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Duk aikin gwamnati da aka yi a ƙauye ana kafa masa allo: ga sunan gwamna ko ɗan majalisa, ga ma'aikatar da ta bayar, ga kamfanin da ya yi. Sunan injiniyan da ya duba aikin ya sa hannu ne ba ka cika gani ba. A riƙa rubuta shi da lambar rajistarsa ta COREN. Ranar da kwalbati ya karye a daminar farko, a san wanda za a kira, a kuma san makarantar da ta yaye shi.